Furannin Da Na Raina a Duwatsun Peru

Kafin in taka ƙasar Peru, babban dutsen da na taɓa gani shi ne na Kwatarkwashi, shi ma ta tagar mota. Saboda haka da Dokta Amfaro ta tambaye ni a birnin Lima, "Lawwali, ka iya hawan dutse?" sai na ce mata sosai ma. Ƙarya na yi, amma ban san na yi ta ba sai bayan kwana biyar.

Bari in faɗi yadda ɗan Maradun ya tsinci kansa can. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya cinye gonar mahaifina da fadamarsa, aka mayar da mu sabon matsuguni a kan tsandauri. Ni kuma da 'yar takardata ta makarantar aikin gona sai na sami aikin malamin gona a Talata Mafara, a filin da ake fitar da irin tumatir don manoman rani. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma na san abin da ake cewa, wai ina ci tare da waɗanda suka nutsar da gonar ubana. Da aka zaɓe ni zuwa kwas na shekara ɗaya a Ingila, Baba bai yi dogon jawabi ba.

"Lawwali," ya ce, "tunda takarda ka zaɓa, to ka kawo ta cikakka. Kak ka komo muna da rabi."

Dokta Amfaro tana cikin malamanmu a can. 'Yar asalin Peru ce, gajeriyar tsohuwa mai furfura, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ita ta kira ni ofis ta ce tana neman mai taimaka mata aikin daji a dogon hutu. Idan na yi aiki, za ta rubuta wasiƙa a ɗauke ni karatun digiri. Idan ban yi ba, in karɓi takardar halartar kwas in koma gida. Kai tsaye ta faɗa, ba ta sa masa zuma ba.

A Lima aka fara cin amanata. Wani ɗan kasuwa ya ga baƙo baƙi wuluk yana rawar ɗari, sai ya yafa mini wani jan bargo mai rami a tsakiya, irin wanda suke zura kai a ciki. Ya dafa ƙirji, ya dubi sama, ya nuna mini da hannu cewa ruwa ba ya ratsa shi. Na saya ina murna. Dokta ta murza bakin bargon da yatsa, ta dube ni, ta ce, "Allah ya sa ka iya zaɓen ganye fiye da yadda ka iya zaɓen tufa."

Daga nan muka shiga doguwar mota muka yi arewa, teku a hagu, rairayi a dama, babu ko tsiro. A wannan hanya ta karanta mini abin da ya kawo mu. Ta ce tumatir da tattasai da gauta da taba da dankalin Turawa duk dangi ɗaya ne. Na ce har da zaƙami? Na zana mata furensa a bayan tikiti, ta ce har da shi. To a cikin wannan babban dangi akwai wata zuriya da masana ke kira Iochroma, ƙananan itatuwa ne masu dogon fure kamar bututu, gidansu saman duwatsun nan. Ta ce kakansu ɗaya. Da duwatsu suka yi ta tashi a zamanin da ba mai iya ƙirgawa, sai suka raba zuriyar, kowane kwari ya riƙe nasa, kowa ya sauya kama a inda ya zauna. Na wani kwari furensu shuɗi ne mai duhu, dogo. Na wani kwarin ja ne, gajere, mai buɗaɗɗen baki. Aikinta shi ne ta gano wa ya fi kusa da wa, wa ya rabu tun da daɗewa, wa ya rabu jiya jiya. Na ce mata ashe aikin gwaggona take yi, wadda in ta zauna gidan suna sai ta ƙulla kowa da kowa har kaka na bakwai. Ranar na fara jin dariyarta.

Da muka bar bakin teku muka hau babbar motar kaya, sai hanya ta koma igiya da aka naɗa a jikin dutse. Ban sake leƙawa ƙasa ba bayan leƙen farko. Direban ya karɓi kuɗinmu har ƙauyen ƙarshe, amma da ya sami lodin shanu a wata mararraba sai ya ce birki ya lalace, ya sauke mu da kayanmu, muna kallo ya juya da birkin nasa lafiya lau. Dokta ta bi shi da zagi cikin harshensu har ƙurarsa ta ɓace. Ni ban iya taya ta ba, don kaina ya riga ya fara sara kamar ana faskare a ciki, numfashina ya ƙi isa ƙirji. Ciwon dutse ke nan. Na tsuguna na amayar da duk abin da na ci tun Lima. Wata mata mai sayar da dafaffiyar masara ta bar tukunyarta, ta jiƙa mini wani ganye a ruwan zafi, ta riƙe mini kofin a baki har na shanye. Na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna ta gyara mini hula.

Kwana biyu bayan haka muka sami wata mota, muka isa ƙauyen, muka sauka gidan wani dattijo mai alfadarai, Don Usebiyo, da matarsa Rosa. Sunana ya gagare su, suka mayar da ni Lalo. Don girmama baƙo, Rosa ta soya mini wata dabba da suke kiwo a madafa, ta kawo ta ɗungum da haƙoranta a waje. Ni dai gafiya na gani. Dokta ta yi musu bayani, suka yi ta dariya, washegari Rosa ta miƙo mini kaza da wuƙa ta ce in yanka irin yankanmu. Kawuna mahauci ne a kasuwar Mafara, don haka a nan kam ban ba da kunya ba.

Mun yi mako biyu muna aiki a kusa da ƙauye. Na koyi yanko reshe mai fure, in shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako biyu in ɗaure da igiya, in busar a kan risho. Kowane reshe da lambarsa, da tsayin wurin da aka same shi, wanda muke dubawa a wani ɗan agogo. Sannan Dokta ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, ƙafarta ta gurɗe, ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Babban aikin kuwa yana gaba. Akwai kwari biyu, na masu shuɗi da na masu ja, da wata 'yar mashiga a wuyan dutse da ta haɗa su.

"Kai za ka je da Usebiyo," ta ce. "Ka hau ta wannan kwari, ka ƙetare mashiga, ka sauko ta wancan. Duk wanda ka gani na zuriyar nan yana fure, ka yanko mini."

Na ji ta sarai. Amma kunne ɗaya ne ya ji, ɗaya kunnen yana Talata Mafara. A filin iri, ni da ubangidana Mista Bitrus, mutumin Zuru, kullum da safe sai mun bi kunya kunya muna duba tumatir. Duk wanda ganyensa ya bambanta, ko 'ya'yansa suka karkace, sai mu ƙulla masa ciyawa a reshe, leburori su zo su tuge. "Wanda bai yi kama da uwarsa ba, ba iri ba ne," haka yake cewa. Baba ma lokacin girbi zangarniya mafi kyau yake warewa ya rataye. Tun ina yaro abin da aka koya mini ke nan, kuma da shi aka yaba mini har aka tura ni Turai.

Kwana huɗu muka yi a kan alfadarai. A kwarin farko na zaɓo shuɗɗa masu kyau, dogaye, ba tabo. A na biyu na zaɓo jajaye kamar an rina. A mashigar kuwa, inda iska ke yanka kunne, na tarar da wasu guda goma sha wani abu da ban gane kansu ba. Launinsu kamar an wanke jan zane da shuɗi a kwano ɗaya. Furen bai kai na shuɗɗa tsawo ba, bai kai na jajaye faɗin baki ba, 'ya'yan kuma tsirara, 'yan kaɗan. Na ce a raina waɗannan gurɓatattu ne, in na kai wa Dokta sai ta ce ban san aikina ba. Ina wucewa hannuna yana tsinko ciyawa yana ƙulla wa kowanne, ban ma san ina yi ba. Usebiyo yana bayana yana kallo.

Da muka dawo, Dokta ta sa aka fito mata da tebur tsakar gida, ta ɗora ƙafar a kan kujera, ta yini tana buɗe jaridu tana aunawa. Ni ina gefe ina jiran yabo. Da la'asar ta cire tabarau.

"Aikinka tsaf," ta ce. "Ban taɓa samun mai tsabtar hannu kamarka ba. Amma abin da na zo nema babu shi."

Muryarta ta yi sanyi yadda ban saba ji ba. Ta ce tun tana budurwa ta ga wani busasshen reshe guda ɗaya a ma'ajiyar ganyaye, ba shuɗi ba, ba ja ba, kuma wanda ya tsinko bai rubuta wurin ba. Tun ranar take zargin nau'in nan biyu suna haɗuwa a wani wuri su haihu tare. Abokan aikinta sun ce mafarki take, su a wurinsu shuɗɗan da jajayen sun yi nisa da juna. Ta ce ƙafarta da shekarunta ba za su sake kawo ta nan ba.

Sai bakina ya buɗe da kansa, da fara'ata har da alfahari. "Ai akwai wasu marasa kyau a mashiga, masu launi a dagule. Na tsame miki su."

Ta dube ni. Rosa da ke tsintar wake ta daina.

"Ka yi me?"

"Na bar su. Ba su yi kama da kowa ba."

Ta buga tebur har agogon awo ya faɗi ƙasa. "Lawwali! Alfadarin da ka hau kwana huɗu, wace ce uwarsa?"

"Goɗiya."

"Ubansa?"

"Jaki."

"Ya yi kama da ɗayansu?"

Na girgiza kai.

"Da ba ka taɓa ganin alfadari ba, me zai nuna maka doki da jaki dangi ne na kusa? Nan ba gonar gwamnati ba ce! Na ce maka duk wanda ka gani. Wa ya sa ka alƙalanci?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa ta tsage da na shige. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba lalaci na yi ba, iya ƙwarewata na sa na ɓata aikin.

Ranar Talata ce. Motar ƙarshe za ta sauka ranar Asabar da hantsi, bayan ita damina za ta rufe hanya sai wata shekara. Dokta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Motar Asabar za ta tafi da ni, ko da kai ko ba kai. Abin da zan rubuta a kanka yana cikin jakar da za ka dawo da ita."

Usebiyo ya dubi sararin sama ya girgiza kai, ya ce hadari ya riga ya zauna a kan mashiga. Rosa ta faɗa masa wata magana gajera mai kaifi, sai ya tashi ya je ɗaura sirdi. Har yau ban san abin da ta ce ba.

Da asubar Laraba muka kama hanya, kafin azahar ruwa ya sauko. A nan bargon Lima ya nuna halinsa. Ya sha ruwa ya yi nauyin buhun gero, rininsa ya zube, wuyana da hannuwana da farar rigata duk suka koma ja. Usebiyo ya waiwayo ya gan ni, ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga alfadari, sannan ya ciro tabarmar roba daga ƙarƙashin sirdinsa ya yafa mini. Muka kwana a bukkar makiyaya. Ranar Alhamis muka tarar dutse ya zabtare ya cinye hanya, ba ta alfadari kuma. Muka ɗaure su, muka ci gaba da ƙafa, ina goye da katakai da jaridu a cikin leda, taku goma in tsaya in nemi numfashi.

A wannan hawa ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ba Baba na fara tunawa ba, Allah ya yafe mini. Zafin rana na tuna, na ranar kasuwa a Mafara, da hayaƙin tukubar kawuna, da mutum ya tare ka ya gaishe ka har sai ƙafarka ta gaji, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina ƙoƙari. Tun da na bar gida ba wanda ya tambaye ni ina gajiya. Na yi kuka, ruwan sama ya rufa mini asiri.

Da muka kai mashiga sai na tarar da ɓarna. Ƙanƙara ta riga mu. Ta kakkaɓe furanni, ta bar itatuwan da ganye kawai, ganyen kuwa na shuɗɗa da na jajaye da na tsakiya duk kusan ɗaya ne a ido. Ga hazo, ba ka ganin abin da ya wuce taku biyar. Itatuwa sun fi ɗari a wurin. Na bi wannan na bi wancan ina ɗaga rassa kamar mahaukaci, har na zauna a cikin taɓo na ce shi ke nan, an gama da ni.

Sai na ji Usebiyo yana kira daga cikin hazo. "Lalo! Lalo!" Na lallaɓa na same shi tsaye ya cire hula, yana nuna wani reshe da ladabi. Cikin 'yan kalmomin da muke fahimtar juna da su ya ce, "Addu'arka. Ga addu'arka nan."

Ƙullin ciyawa ne. Ashe ranar farko da ya ga ina ƙulle ƙulle, ya ɗauka wata ibada ce ta Musulmi, shi ya sa bai tanka ba, kuma ya riƙe wuraren a kansa don kada alfadaransa su ci. Na tsaya ina kallon ƙullin nan, alamar da na sa don a tuge, na rasa dariya zan yi ko me. Ya kama hannuna ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya, muka sami tara. A gefen da dutse ya kare iska, huɗu suna da sauran furanni a maƙale, wasu da toho bai buɗe ba. Na yanko su. Na tsince waɗanda suka zube a gindin kowanne, na haɗa da 'ya'yan, na rubuta lamba da tsayi. Wannan karon har da mai tsutsa na ɗauko, har da wanda ƙanƙara ta yayyaga. Na kuma yanko maƙwabtansu na dama da na hagu, ban tambayi kowa kamanninsa ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwoyina suka zama ba nawa ba. Mun iso ƙauye ranar Asabar rana ta ɗaga, motar tana tsaye an kusa gama lodin dankali. Dokta tana zaune a kan buhu da sandarta. Ba ta gaishe ni ba, ba ta tambayi yadda na koma ja ba. Hannu kawai ta miƙo.

Na kwance igiya a bakin motar. Ta ɗaga jarida ta farko, ta sa gilashin ƙara girma a ido, ta daɗe. Ta sa aka ciro mata shuɗi ɗaya da ja ɗaya daga akwati, ta jera su, ta sa nawa a tsakiya. Ta auna tsawon bututun, ta tsaga shi da farce ta duba ciki, ta fasa ɗan itacen ta ga ƙwayoyin rabi fanko ne. Direba ya yi ta danna ƙaho, ta ɗaga masa sanda ba tare da ta waiwaya ba.

"Ka gani?" ta ce a hankali, kamar da furen take magana. "Gashin ganyen na shuɗi ne, bakin furen na ja. Akwai wasu 'yan tsuntsaye masu dogon baki a duwatsun nan, su suke ɗauko garin fure daga wannan kwari su kai wancan. Ba su daɗe da rabuwa ba, Lawwali. Har yanzu sun san juna." Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙin mota ne.

A nan na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda na ɗauka tun ranar Talata, wataƙila ma tun kafin nan. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi a fili. Usebiyo ya dafa kaina, Rosa ta cusa mini ƙunshin dafaffen ƙwai a aljihu.

Dokta ta ciro 'yar takardar da ake maƙala wa kowane reshe, ta miƙo mini da alƙalami. Akwai gurbin sunan wanda ya tsinko, wanda tun zuwanmu sunanta ake sawa.

"Sunan wa zan rubuta?"

"Wa ya hau sau biyu?"

Na rubuta nawa, yatsuna sun sandare, rubutun ya fito kamar na ɗan aji ɗaya. Ina so in tambayi maganar wasiƙa, sai ta riga ni. Ita ce ta faɗa, tana miƙa wa direba hannu ya ja ta sama.

"Shekara biyu za ka yi a hannuna," ta ce. "Kuma ka shirya, za ka sha faɗa."

Na ce mata na shirya. Na hau baya, na jingina da buhun dankali, na rungume katakan a ƙirji. Hanyar nan da na kasa leƙawa wajen hawa, ban san yadda muka sauko ta ba, don kafin mu wuce gidan ƙarshe na ƙauyen barci ya ɗauke ni.